Yadda Ake Kare Gida da Unguwa daga Gobara a Lokacin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana tsotse danshin duk abin da ta taɓa, 'yan kwana-kwana ba su samun barcin kirki a ƙasar Hausa. Katakon rufi ya bushe, zana da kara sun yi ƙayau, ga shi sanyi ya sa mutane sun jawo wuta kusa da jikinsu, sun kai kaskon rushi cikin ɗaka, sun jefa hita a bokiti, sun rufe ƙofa da taga ruf. Manyan gobarar da har yanzu ake ba da labarinsu a wannan tsakanin suka auku: ta kasuwar Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016 wadda ta cinye dubban shaguna, ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021, da ta kasuwar Monday Market a Maiduguri a Fabrairun 2023. Sai dai gobarar kasuwa galibi dukiya take ci. Wadda ta fi cin rai ita ce ta gida, mai tashi da tsakar dare, wadda sau da yawa labarinta ba ya wuce unguwar da aka yi ta.

Duk wanda ya bi diddigin irin wannan gobara zai tarar da cewa yawancinta daga abu guda take farawa, wato wani abu mai zafi da aka bari yana aiki babu mai lura da shi. Saboda haka matakin farko ba ya bukatar ko sisi. Ya zama al'ada a kowane gida cewa mutum guda, babba mai hankali, zai zagaya gidan kafin a kwanta, ya leƙa madafi ya tabbatar an rufe gas ko an kashe murhu, ya cire abin da bai kamata ya kwana a jone ba, ya fitar da garwashi daga ɗakunan barci, ya ga makullin ƙofa yana inda kowa ya san shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labarin ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya ce wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Wanda ya ce gobara ƙaddara ce bai yi ƙarya ba, amma kashe wuta kafin barci umarni ne da aka ba shi.

Wutar lantarki

A birane lantarki ne ya fi komai haddasa gobara, kuma yadda ake ɗauke ta a dawo da ita babu sanarwa yana ƙara haɗarin. Mace tana guga aka ɗauke wuta, ta bar dutsen guga a kan kaya ta tafi unguwa. Yaro ya jefa hita a bokitin roba da asuba, wuta ta tafi, ya manta ya wuce makaranta. Idan aka dawo da wuta, ruwan bokitin zai tafasa har ya ƙafe, robar ta narke ta kama, kuma babu kowa a gidan. Ƙa'idar ita ce, da zarar an ɗauke wuta a bi duk abin da ke yin zafi a zare shi daga soket, ba a tsaya ga kashe makunni kaɗai ba: dutsen guga, hita, butar lantarki, abin ɗumama ɗaki da risho mai amfani da wuta. Haka kuma idan aka dawo da ita aka ga ƙwai ya yi haske fiye da kima ko fanka tana gudu kamar za ta ɓalle, alamar ta zo da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida ce, sai a hanzarta kashe ta daga babban makunnin gidan. Ya kamata kowane baligi a gida, har da matan aure da manyan 'yan mata, ya san inda wannan makunni yake da yadda ake sauke shi cikin duhu.

Sai maganar waya. Waya tana da nauyin da za ta iya ɗauka, idan aka wuce shi sai ta yi zafi, robar jikinta ta narke, wayoyi biyu su haɗu su yi tartsatsi. A aikin gida na yau da kullum ana sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, mai 2.5 ga soket, mai 4 ko fiye ga na'urar sanyaya ɗaki da injin ɗumama ruwa. Mai gini da ya ga kuɗi sun yi yawa ya ce a sa masa ƙarama a ko'ina, ko ya sayi mai arha wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata launin jan ƙarfe, ya binne haɗari a cikin silin ɗinsa, inda ba zai gan shi ba sai ranar da hayaƙi ya fito. Ekstanshin ma haka yake. Mafi yawansu ba su wuce ƙarfin amfiya 13 ba, wato kimanin wat 3,000, alhali butar lantarki ita kaɗai tana iya cin wat 2,000, don haka haɗa ta da dutsen guga a kan ekstanshin guda ganganci ne. Kada a bi da waya ta ƙarƙashin kafet ko katifa, kada kuma a cusa tsirarar waya a soket a tokare ta da tsinken ashana.

Akwai wata ɗabi'a da nake ganin ta fi duk waɗannan muni, ita ce ta naɗa waya mai kauri a gurbin fiyus idan ya tsinke. An yi fiyus ne domin ya tsinke idan wuta ta yi yawa, ya fanshi gidan da kansa. Wanda ya maye gurbinsa da wayar da ba ta tsinkewa ya mayar da wayoyin bangon gidan gaba ɗaya su zama fiyus ɗin. Idan fiyus ko bireka yana yawan faɗuwa, akwai matsala a wani wuri, sai a kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa. Haka nan idan soket ya yi baƙi, ko yana zafi idan an taɓa, ko ana jin ƙaurin roba ba a san daga inda yake fitowa ba. Masu sola su ajiye batura a inda iska ke ratsawa, nesa da katifa da tarin kaya, kuma kada a bar wayar hannu tana caji a ƙarƙashin matashin kai, musamman idan batirinta ya fara kumbura.

Gas, kalanzir da garwashi

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan yana yoyo ba ya tashi sama ya fice ta taga, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungunan kicin, ƙarƙashin kanta da bakin magudanar ruwa, yana jiran tartsatsi. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi domin a gane idan ya tsere, saboda haka jin warin gas gargaɗi ne da ba a yi masa jinkiri. Wanda ya shiga kicin ya ji shi, kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin fitila ko na fanka, ko kunnawa ko kashewa, domin ɗan tartsatsin da ke cikin makunni ya isa ya tayar da ɗakin. Ya rufe kan tukunyar gas ɗin, ya buɗe ƙofa da tagogi, ya fitar da kowa, sannan idan zai buga waya ya buga daga waje.

Ana gwada yoyo da kumfar sabulu. A shafa ta a bakin tukunya, a mahaɗar regileta da tiyo, da tsawon tiyon kansa; inda aka ga kumfar tana hurowa, nan ne gas ke fita. A yi wannan gwajin duk lokacin da aka dawo daga ɗuri, domin ɗan zoben robar da ke bakin tukunya yakan tsage ko ya faɗi. Tiyon da ya yi tauri, ya fara tsattsagewa ko ɓera ya ɗanɗana shi, a canza shi, kuma a ɗaure bakinsa da maɗaurin ƙarfe maimakon igiyar roba. Babbar tukunya mai kilo 12.5 ta fi dacewa ta zauna a waje, a tsaye, a inuwa, a ratso da tiyo ta bango. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar domin gas yana buɗewa idan ya ji zafi, don haka mai ɗurin da ya danna maka fiye da ƙa'ida ba alheri ya yi maka ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15. A duba shekarar da aka buga a jikinta, wadda kuma ta yi tsatsa ko ta lotse a rabu da ita. Ƙaramar tukunyar nan mai kilo 3 ko 6 da ake girki a kanta kai tsaye ita ce ta ɗalibai da masu ɗaki ɗaya, kuma haɗarinta shi ne ana kunna ta kusa da gado da labule, ana kuma ɗora mata tukunyar da ta fi ta faɗi har ta rinjaye ta.

Masu risho da fitilar ƙwai su kiyaye abu biyu: ba a ƙara kalanzir alhali wuta na ci, kuma a yi hattara da kalanzir ɗin da aka gauraya da fetur, wanda ke fashewa da zarar an kunna. Idan an sayo aka ji warin fetur a jikinsa, kada a yi amfani da shi.

Kaskon rushi yana kisa ta hanya biyu. Ta farko ita ce bargo ko gefen zane ya faɗa ciki. Ta biyu ta fi ɓoyuwa, domin gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sannan barci ya kwashe shi ba ya farkawa. Sau da yawa idan aka wayi gari aka tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki babu rauni, akan zargi abinci ko a ce aljanu ne suka taɓa su, alhali garwashi ne ko hayaƙin janareta. A ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a kashe shi da ruwa ko a rufe shi da ƙasa. Wannan ya shafi ɗakin mai jego da na tsofaffi fiye da kowa, tunda su aka fi yi wa rushi. Kaskon turaren wuta da ake turawa ƙarƙashin gado ko cikin durowar kaya shi ma a tsaya a kansa har ya mutu. Igiyar leko tana ɗaukar wajen sa'a bakwai ko takwas tana ci, wato tsawon daren gaba ɗaya, don haka a ɗora ta a kan ƙarfenta cikin faranti, a tsakiyar daɓe, nesa da gidan sauro da bakin katifa. Katifar soso idan ta kama, baƙin hayaƙinta mai guba yana cika ɗaki cikin 'yan mintoci.

Janareta wurinsa waje ne, nesa da taga da kimanin mita 6 idan fili ya ba da dama, ba a baranda ko zaure ko ƙarƙashin matattakala ba. A kashe shi a bari ya huce kafin a zuba mai, a haska da tocila. Ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da madafi ba shi da wani uzuri, ko da ana wahalar mai, domin tururinsa ne ke kamawa kuma yana iya bin ƙasa ya tarar da wuta a ɗaya gefen tsakar gida. Maƙwabcin mai bumburutu yana da haƙƙin ya tambayi inda ake kwantar da jarkoki.

Hanyar fita

Tsoron ɓarayi ya sa mun yi wa tagogi ƙarafa, mun sa ƙofofin ƙarfe masu sakata uku, kuma ranar gobara waɗannan su ne ke tsare mutane a ciki, maƙwabta na waje da gatari suna jin kukansu. A sa maƙeri ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane sashe ya zama mai buɗewa, a rataye makullinsa a ƙusa kusa da shi inda babba zai laluba ya samu cikin duhu. Kada a kulle yara a ɗaki a tafi biki ko kasuwa, kada kuma maigida ya datse gida da kwaɗo ta waje alhali iyali na ciki ba su da wata mafita. A zauna da yara a nuna musu ta ina za su fita da inda za a haɗu a waje, a kuma gaya musu kada su ɓuya a ƙarƙashin gado, domin abin da ƙaramin yaro ke yi ke nan idan ya tsorata. Akwai ƙararrawar hayaƙi mai aiki da batir da ake mannawa a silin, kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. Tunda mai barci ba ya jin ƙauri, ita ce ke tashinsa.

Idan wuta ta tashi

Da farko a ɗaga murya, a tashi kowa, a fitar da yara, tsofaffi da marasa lafiya, a sauke babban makunnin lantarki, wani kuma ya kira 'yan kwana-kwana nan take, ba sai an gwada an gaza ba. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112, a Nijar 18, kuma yana da kyau a adana lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a wayar kowane babba. A yi kwatance a sarari, da sunan unguwa da wani sanannen masallaci ko makaranta, a tura matashi bakin titi ya taro motar.

Ba kowace wuta ake kashewa da ruwa ba. Idan man suya ya kama a kasko, a kashe gas a rufe kaskon da murfin ƙarfe ko faranti, a bar shi ya huce ba tare da an ɗaga ba. Ruwan da aka watsa cikin tafasasshen mai yana rikiɗa ya zama tururi nan take, ya yi tsiri da man mai ci har silin, ya watsa wa mai zubawar a fuska. Wutar fetur da ta kalanzir suna tasowa saman ruwa su bi shi, don haka yashi ake zuba musu. Bokitin yashi a bakin kicin da kusa da janareta ya kamata ya zama kayan gida. Wutar da ta tashi daga kayan lantarki ba a kusantarta da ruwa sai an yanke wutar. Mai tukunyar kashe gobara ta hoda ya tsaya kimanin mita biyu, ƙofa tana bayansa, ya zare ƙusar, ya saita bakin a gindin wutar, ya matsa yana kaɗawa dama da hagu. Ƙaramar tukunya ba ta wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin take ƙarewa, saboda haka ta ƙaramar wuta ce. Da zarar harshen wuta ya kai silin ko hayaƙi ya cika ɗaki, lokacin faɗa da ita ya wuce. A fita a durƙushe ko da rarrafe, domin iska mai kyau a ƙasa take, a jawo ƙofa a rufe don a rage mata iska, kuma kada a koma ciki saboda takardu, kuɗi ko gwal.

Unguwa da ƙauye

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma a unguwannin da katanga ke jingine da katanga, rufi na taɓa rufi, maganar ta wuce karin magana. Babbar matsalar motar kashe gobara a tsofaffin unguwanni ita ce hanya. An ci lungu da gini, an kafa kes da rumfa, an jibge yashi da bulo, an ajiye mota a inda ba za a wuce ba. Mai unguwa da dattawa da limamai suna iya zama kafin shigowar sanyi su tsayar da hanyar da ba za a toshe ba, su san gidajen da ke da rijiyar burtsatse ko babban tanki, su yi magana da 'yan ga-ruwa, su amince a yi shela da lasifikar masallaci idan abu ya faru. 'Yan sintirin dare su riƙe lambobin waya. Idan motar ta iso a buɗe mata hanya. Jifan ma'aikata saboda sun makara ko ruwansu ya ƙare ba ya kashe wuta, kuma tankin motar dama mintoci kaɗan yake ɗauka, abin da suke bukata a lokacin shi ne a nuna musu inda za su ƙara ruwa.

A ƙauye a raba rumbu da tarin kara da harawa daga ɗakunan kwana da madafi, a share ciyawa a kewaye, a kashe toka da ruwa kafin a zubar a juji, a kuma hana ƙona shara ko gona ranar da iska ke kaɗawa. Makarantu na bukatar kulawa ta musamman. A Yamai, a Afrilun 2021, yara 20 sun rasu a azuzuwan zana, a Nuwamban shekarar kuma wasu fiye da 20 suka rasu a Maraɗi ta irin wannan hanya, sannan a Fabrairun 2025 gobarar dare ta kashe almajirai 17 a Ƙauran Namoda. Ɗakin da yara da yawa ke kwana ko karatu ya kasance da ƙofa biyu, babba ya kwana kusa, a nisanta tarin karan wutar karatu daga makwanci, a kuma kashe wutar tsangaya sarai bayan an tashi.

Tankar mai idan ta faɗi, gudu ake yi, a nufi inda iska ke fitowa, a hana kunna babur ko sigari a kusa. A Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da mutum 150 ne suka rasu, akasarinsu waɗanda suka taru kwasar fetur. Talauci gaskiya ne, amma tururin man da ya malala yana mamaye wurin gaba ɗaya, har da masu kallo daga gefe.

Wanda ya ƙone

Idan tufafin mutum suka kama, kada ya ruga, gudu yana hura wutar. Ya faɗi ƙasa ya rufe fuska ya yi ta birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo mai kauri ko su zuba masa ruwa. Mata su lura da gefen hijabi da mayafi a gaban murhu, musamman na yadin roba mai narkewa ya manne a fata. Bayan an kashe, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta na tsawon minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe, awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne a bar ta. Kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, baƙin mai ko kashin shanu, kada kuma a fasa bororo. Duk waɗannan suna shigar da ƙwayoyin cuta, suna kuma wahalar da ma'aikatan asibiti wajen wanke ciwon. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi, a lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama shi, musamman yaro. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta shafi fuska, hannu, gaɓoɓi ko al'aura, ko ta jariri da tsoho, ko ta lantarki, asibiti ake kai ta ba tare da ɓata lokaci ba. Haka nan wanda ya shaƙi hayaƙi, ko da babu tabo a jikinsa, idan muryarsa ta dushe, yana tari ko akwai baƙi a hancinsa, a kai shi a duba, domin maƙogwaro yana iya kumbura bayan sa'o'i ya toshe numfashi.